Shafin da mahajjata suka kai Umdurman

Bayan yaƙin Burmi a shekarar 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ake kira da sunansa. Hanyar tsohuwa ce ta mahajjata masu tafiya a ƙasa, kuma da yawansu sun yada zango a Umdurman, wadda ta zama babban birnin Mahadiyya a 1885, suna neman guzuri a kasuwarta. Wasu zangon ya zame musu gida.

Cikin kayan malami akwai gafaka, cikin gafaka akwai Alƙur'ani rubutun hannu. Yadda aka tsara shafinsa nake so mai karatu ya duba.

Ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa yake, saboda haka marubuci kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ake ciki, don ko takardun sun zube a iya jera su. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza ɗigon rawaya. Ƙarshen aya ƙananan da'irori uku ne, aya ta biyar tana da kumsa, ta goma kuri, a gefe kuma zayyana mai nuna sumuni, rubu'i, nusufi ko hizbi. Baƙo zai ɗauka ado ne kawai, alhali kowace alama tana gaya wa ido inda yake. Gardin da ke neman inda ya tsaya jiya, zayyanar gefe yake bi.

To, a Sudan sai Bahaushe ya tarar da wani shafi daban. Shi da ruwayar Warshu ya tashi, a rubutun da fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Makarantun allo na tsakiyar Sudan sun fi karatu da ruwayar Duri, bugun Alƙahira na 1924 kuma ya yaɗa Hafsu, inda fa'un ke da ɗigo a sama, ƙaf biyu. Wato fa'un ɗinsu kamar ƙaf ɗinmu yake. Wanda ya haddace ba zai ruɗe ba, amma ƙolo sai ya yi tuntuɓe.

A ganina shi ya sa da injin buga littafi ya zo, mutanenmu suka fi son a ɗauki hoton rubutun gwanaye irin su Sharu Bala na Kano a buga yadda yake. A Hartum ma, tsallaken kogi daga kasuwar, Darul Mus'haf Afirka ba ta tsaya ga Hafsu ba, ta buga Warshu da Duri da Ƙaluna.