Neman Tarihin Kakanninmu 'Yan Bama

Jama'a, gidaje da dama a nan Sabo suna da kakan da ya je yaƙin Bama, amma in ka tambayi jikokinsa bataliyarsa sai su yi shiru. Dattawan da suka sani kuwa kullum ƙarewa suke yi.

Sojojinmu sun tafi ne cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 ta yi gumurzu da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, sannan rundunonin biyu suka kama Myohaung a Janairun 1945. Sunan barikin Letmauk na Ibadan da na Dodan a Ikko duk daga can aka samo su.

In an ce maka kakanka hafsa ne, to bincika. A lokacin Turawa ne hafsoshi, namu iyakarsu Sajan Manjo, irin su Chari Maigumeri.

Abin nema na farko shi ne takardar sallama, domin lambar soja tana ciki. Suna kaɗai ba ya isa, saboda Bature yakan rubuta mutum da sunan garinsu, Musa Kano ko Ali Zariya, ga su nan barkatai. Da lambar sai a nufi gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna ko Ibadan. Wanda bai dawo ba kuma, a duba sunayen maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun.

A tambayi tsofaffi tun suna raye. Allah ya jiƙan magabata, amin.