Gasar zanen tambari a buɗaɗɗun manhajoji: yadda take gudana da abin da mai zane ke sallamawa

Gasar zane ta al'umma hanya ce da masu gina buɗaɗɗun manhajoji ke bi wajen samun tambari, ko hoton fuskar kwamfuta, ko wata alama da za a riƙa gane aikinsu da ita. Maimakon su ɗauki hayar kamfanin zane, sai su yi shela ga duniya, kowa ya kawo nasa, daga bisani alƙalai ko masu ƙuri'a su zaɓi guda. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bar rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili, kowa na da izinin ya duba, ya gyara, ya kuma rarraba. Linux da Firefox da LibreOffice na cikin wannan rukuni, haka ma MediaWiki, manhajar da shafin Wikipedia na Hausa ke tafiya a kanta.

Wannan salo ba baƙo ba ne a Najeriya, domin ta hanyarsa ƙasar ta samu tutarta. Ana gab da samun 'yancin kai, gwamnati ta nemi jama'a su aiko da zane, aka samu dubbai, kuma a shekarar 1959 aka zaɓi na Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi mai shekara 23 da ke karatu a Landan. An ba shi kyautar fam 100. Sai dai tutar da aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba, 1960 ba ita ce daidai wadda ya zana ba. Tasa tana da jar rana a tsakiyar farin, alƙalai suka cire ta. Darasin da ke cikin wannan labari ya bi kusan kowace gasa ta zane har yau: wanda ya ci gasa ya kawo tushe ne, amma kalmar ƙarshe tana hannun waɗanda suka tsara ƙa'ida.

A duniyar manhaja ma an sha ganin ƙuri'a ta nufi gabas, al'ada ta nufi yamma. A 1996 Larry Ewing ya zana Tux, tsuntsun fengwin mai ƙiba da ke zaune, da manhajar zane ta GIMP, bayan Linus Torvalds, wanda ya assasa Linux, ya nuna sha'awar wannan tsuntsu. Tux bai ci gasar tambarin Linux ba, amma shi mutane suka ɗauka suka riƙa maƙalawa ko'ina, har aka manta da zanen da ya yi nasara. Debian kuwa ta yi tata gasar a 1999, ta zaɓi jar murɗaɗɗiyar alamar da Raul Silva ya zana, kuma tana nan da ita har gobe.

Ƙwallon Wikipedia da kurakuran haruffa

Gasar da ta fi shafar mai karatun Hausa ita ce ta 2003, wadda ta haifar da ƙwallon nan mai gutsattsarin haruffa da ke saman kowane shafi na Wikipedia. An karɓi zane sama da ɗari daga masu aikin sa-kai, aka yi ƙuri'a zagaye biyu, kuma a watan Satumba na shekarar Paul Stansifer, matashi ɗan shekara 17, ya yi nasara. Zanen nasa launi-launi ne, cike da rubutu. Kamar yadda aka yi wa Akinkunmi, ba a bar shi yadda yake ba. David Friedland ya sake fasalinsa, ya mayar da shi ruwan toka, ya kuma ɗora harafi guda a kan kowane gutsure daga tsarin rubutun al'ummomi daban-daban. An bar saman ƙwallon a buɗe da gangan, alamar cewa aikin tara ilimi bai kammala ba.

To, a nan ne aka yi tuntuɓe. Masu jin harsunan Indiya sun lura cewa harafin Debanagari da ke kan ƙwallon an jera shi ba daidai ba, masu jin Japananci ma suka ga kuskure a nasu. Jaridar New York Times ta ba da labarin a 2007, kuma aka bayyana cewa gyaran ya gagara saboda ainihin fayil ɗin da aka yi zanen a kansa ya ɓace. Sai a watan Mayun 2010 aka fito da sabon ƙwallo, bayan Gidauniyar Wikimedia ta ɗauko ƙwararren mai zane, Philip Metschan, ya sake gina shi tare da masu sa-kai da suka tantance haruffan ɗaya bayan ɗaya. Wani abin lura a wannan gyara shi ne tsohon ƙwallon yana ɗauke da harafin Klingon, harshen da aka ƙirƙira domin fim ɗin Star Trek. A 2010 aka cire shi, aka sa harafin Ge'ez na ƙasar Habasha a gurbinsa. Ma'ana, kusan shekara bakwai harshen almara yana zaune a wurin da rubutun miliyoyin 'yan Afirka ya samu daga baya.

Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Waɗanda suka halarci gasar su ne suka sa abin da suka sani, waɗanda ba su halarta ba aka yi ba su. Hausa na fuskantar irin wannan haɗari ta fuskar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da shi a Nijar. Yawancin salon haruffan ado da masu zane ke so ba su ƙunshi waɗannan ba, don haka idan aka zo fassara taken wani tambari zuwa Hausa sai a ga ƙaramin akwati a gurbin harafin, ko kuma a sauke lanƙwasar gaba ɗaya, "ƙasa" ta koma "kasa", "ƙafa" ta koma "kafa". Akwai salon haruffa na kyauta da suka tanadi dukkansu, irin su Noto da Andika da Charis. Amma sai an samu wanda ya san matsalar ya yi magana tun lokacin da ake tsara sharuɗɗan gasa, kafin a kai ga ƙuri'a.

Daga cikin zanen da aka shigar a 2003 akwai hoton furen da ke bin rana, an sa shi tsakanin baka-baka masu kusurwa. Florence Devouard, 'yar Faransa, ita ta ɗauki hoton. Bai zo na ɗaya ba, sai aka mayar da shi tambarin manhajar MediaWiki, ya yi shekara kusan 18 yana wannan aiki. A 2020 masu gina manhajar suka kawo ƙorafin da duk mai buga allon talla zai fahimta: hoto ne na kyamara, idan aka faɗaɗa shi sai ya dushe, idan aka ƙanƙanta shi sai ya cakuɗe, ga launuka barkatai da ke wahalar da bugu. Aka buɗe sabon zaɓe, aka tace zane-zanen a zagaye fiye da ɗaya, lauyoyin gidauniyar suka duba, sannan ranar 1 ga Afrilu, 2021 aka fara amfani da zanen Serhio Magpie, wanda ya riƙe siffar furen amma ya sauƙaƙa ta.

Binciken lauyoyi ba ƙawa ba ne. Shafin Wikivoyage, mai ba da bayanin tafiye-tafiye, ya zaɓi tambarinsa ta hanyar ƙuri'a, sai Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta yi ƙorafin cewa ya yi kama da nata. Dole aka sake wata gasar a 2013, aka yar da abin da jama'a suka riga suka zaɓa.

Haƙƙi da lada

Tambayar da mai zane ya kamata ya fara yi, kafin ta kyauta, ita ce ta lasisi. Kusan duk gasar buɗaɗɗiyar manhaja tana sharɗanta a saki zanen ƙarƙashin lasisin Creative Commons, galibi nau'in CC BY-SA. Wannan lasisi ya ba kowa izinin ya kwafi aikin, ya canza shi, har ya sayar, muddin ya ambaci sunan mai shi kuma ya saki abin da ya samar a kan wannan sharaɗi. Ba a janye shi bayan an bayar. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne sharaɗin yakan hau kan duk zanen da aka shigar, har da wanda ya faɗi. Wanda ya kwana uku yana aiki a kan tambari, bai ci ba, sannan ya yi niyyar sayar wa wani ɗan kasuwa shi kaɗai, zai tarar ya riga ya buɗe wa duniya ƙofa.

Idan tambari ne na hukuma, akan buƙaci wanda ya ci ya miƙa haƙƙinsa ga gidauniyar da ke kula da manhajar, domin ta yi masa rajistar alamar kasuwanci. Haƙƙin mallaka da alamar kasuwanci abubuwa biyu ne daban. A Oktoban 2014 Gidauniyar Wikimedia ta saki tamburanta ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, amma har yanzu babu wanda ke da izinin ɗora ƙwallon Wikipedia a kan hajarsa don ya nuna kamar daga can ta fito. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙi kacokan ba ya inganta sai a rubuce. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke lura da aiwatar da dokar.

Ladan kuwa sau da yawa suna ne kawai, wani lokaci a haɗa da riga ko 'yar na'ura. Akan samu mai kuɗi jefi-jefi. A 2022 Wikimedia ta nemi gajeren sautin da zai zama alamarta a na'urorin da ke karanto bayani da murya, aka shigar da sauti 3,235 daga ƙasashe 135. An tace su zuwa goma, aka yi ƙuri'a, kuma a Maris na 2023 aka sanar da Thaddeus Osborne, injiniya daga jihar Bajiniya ta Amurka, wanda ya haɗa ƙarar buɗa shafin littafi da ta danna madannan kwamfuta. Ya samu dala 2,500. Sauran dubban ba su samu ko sisi ba, kuma a kan wannan ne ƙungiyoyin ƙwararrun masu zane, irin su AIGA ta Amurka, suka daɗe suna sukar duk tsarin da ke sa mutane da yawa su yi aiki a biya ɗaya. Sukar tana da ƙarfi idan kamfani mai neman riba ne ya shirya gasar. Tana raguwa idan manhajar kanta masu sa-kai ne suka gina ta kyauta, domin mai zanen yana zuba nasa ne a rumbun da shi ma yake ɗiba.

Ƙofofin da ke buɗe ga mai zane a Najeriya

Wanda ya zaga kasuwar Gudu a Abuja, inda ake hada-hadar kayan wutar lantarki, zai ga kowane shago da allonsa da tambarinsa, kuma matasa ne ke zana su a kwamfuta, akasari da CorelDRAW. Gwanintar da ake buƙata a gasar duniya ba ta wuce wannan ba: alama mai sauƙi da za a gane daga nesa, a launi ko a baƙi da fari. Bambancin yana wajen fayil. Masu shirya gasar tambari kan nemi nau'in SVG, wanda ke adana zane a matsayin layuka da lissafi, ta yadda za a buga shi a kan hatimi ko a bangon bene ba tare da ya dushe ba. Manhajar Inkscape, wadda ake saukewa kyauta, da wannan nau'i take aiki, kuma ita kanta takan shirya gasar zanen hoton da zai raka kowane babban sabon zubinta. Ubuntu, wani reshe na Linux da ke fitowa sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, yakan nemi jama'a su kawo hotunan fuskar kwamfuta kafin fitowar, waɗanda aka zaɓa kuma su tafi cikin manhajar zuwa ga duk wanda ya sauke ta.

Gasar da 'yan Najeriya suka fi sabawa da ita a wannan fage ta ɗaukar hoto ce, wato Wiki Loves Africa, wadda Florence Devouard, mai hoton furen nan, ta kafa tare da Isla Haddow-Flood a 2014. Shekarar farko an yi ta a kan abinci, ta biyu a kan sutura da ado, ta uku a kan kiɗa da rawa. Hotunan na shiga rumbun Wikimedia Commons ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, daga nan maƙalolin Wikipedia na kowane harshe su ɗauka. Ƙungiyoyin masu sa-kai irin su Wikimedia User Group Nigeria da Hausa Wikimedians User Group kan shirya horo da fita ɗaukar hoto a irin waɗannan lokuta.

Ƙasar Hausa ba ta rasa jarin zane ba. Akwai zayyanar bangon soro a Zariya da Kano da Damagaram, akwai aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, akwai zanen ƙwarya da na dukanci. Siffofi ne da aka gina a kan layi da maimaici, irin waɗanda SVG ke ɗauka ba tare da wahala ba. Sai dai dagin Arewa, wanda hannu zai fara kaiwa gare shi, ya riga ya zama alamar yanki da siyasarsa tun zamanin Sardauna, kuma hukumomi da ƙungiyoyi da kamfanoni masu yawa sun sa shi a tamburansu. Zanen da ya dogara a kansa kaɗai zai yi wuya ya tsallake irin binciken da ya kayar da tambarin Wikivoyage na farko.