Ƙwallo a Kano da Aljihun da Ke Ɗauke da Ita: Me Ya Kamata Mu Karanta?

Daga Ƙofar Nassarawa zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. Duk da wannan kusanci, mafi yawanmu 'yan kallo muka tashi, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi inda kuɗin wasan ke fitowa ba. Yanzu da wasu daga cikin 'ya'yanmu mazauna Legas da Abuja da Kaduna ke maganar kafa makarantun horar da yara ƙwallo a gida, mun ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu kuma nuna musu abin da za su karanta kafin su kwance bakin jaka.

A shekarar 1953 ƙungiyar Kano ta ci kofin ƙalubale na ƙasa, karo na farko ke nan da kofin ya bar Legas. Mai son sanin yadda aka kai ga haka sai ya nemi littafin Wiebe Boer, haifaffen Jos, mai suna A Story of Heroes and Epics, wanda ya fito a 2018. Ya bi sawun ƙwallo a Nijeriya tun daga wasan da aka yi a Kalaba a 1904 har zuwa samun 'yancin kai. Abin da mai karatu zai lura da shi shi ne, ma'aikatu da makarantu da kamfanoni ne suka riƙe ƙungiyoyin farko. Da shi za a haɗa African Soccerscapes na Peter Alegi, na 2010, ɗan ƙaramin littafi da ya nuna hakan aka yi a sauran ƙasashen Afirka.

Kano ba ta kauce wa wannan tsari ba. Raccah Rovers, wadda ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 1978, sunanta ya samo asali ne daga gidan kasuwancin Saul Raccah, mutumin Tarabulus da ya yi suna a cinikin gyaɗa. Ƙungiya ce da ta gagari manyan Kudu a zamaninta, amma yau sai a bakin dattawa ake jin ta. Kano Pillars kuwa an kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: ta hukumar ruwa wato WRECA, da Golden Stars, da ta Bankin Arewa. Tun daga lokacin gwamnatin jiha ce uwa da uba. Ta ci lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Ta ci kofin ƙalubale a 2019. Ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. A duk wannan hawa da sauka, filin Ƙofar Mata na cikin filayen da suka fi cika a ƙasar nan, amma albashin 'yan wasa daga baitulmali yake fitowa. A ganinmu nan ne gizo ke saƙar: muna da jama'a, ba mu mayar da jama'ar kasuwa ba.

Abin mamaki, 'yan dambe sun riga 'yan ƙwallo gane wannan. Mai gidan dambe ya san kuɗin ƙofa ne jarinsa. Daga ciki zai sallami 'yan wasa da makaɗa, in kuwa bai kawo gwanaye ba, gobe ba wanda zai zo. Edward Powe ya rubuta Combat Games of Northern Nigeria a kan dambe da kokawa da makamantansu, kuma ya cancanci a neme shi ko da zai yi wuyar samu.

Ga wanda ke tsammanin riba cikin gaggawa, muna ba shi shawarar Soccernomics na Simon Kuper da Stefan Szymanski, wanda aka fara bugawa a 2009. Da alƙaluma suka nuna cewa ko a Ingila ƙungiyoyi kaɗan ne ke cin riba, kuma yawan albashin da ƙungiya ke biya ya fi kuɗin sayen 'yan wasa nuna matsayin da za ta ƙare a teburi. A karanta shi da lura, domin an gina shi ne a kan ƙasashen da kuɗin talabijin ke kwarara, abin da lig ɗinmu bai samu yadda ya kamata ba.

Akwai kuma takardar da ba littafi ba ce, amma mun fi matsa wa matasanmu su karanta ta: ƙa'idojin FIFA na rajista da sauyin sheƙar 'yan wasa. A ciki aka tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A dubi Ahmed Musa: ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar da ta ƙare a 2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA ta Mosko a 2012, sannan Leicester ta Ingila a 2016. Kowane irin wannan ciniki yana da rabon waɗanda suka yi renon farko. Sai dai rabon ba ya zuwa sai ga ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar ƙwallo, ta kuma shigar da sunan yaron da shekarunsa na gaskiya. Ƙungiyoyin unguwanninmu da yawa, waɗanda ke atisaye a filayen makarantu da yamma, ba su da ko littafin rajista, balle wanda zai bi musu haƙƙi idan yaronsu ya tsallaka teku.