Masu Neman Salama a Kasuwar Artisan

Duk wanda ya taɓa sauka Inugu, ya bi hanyar Ogui har ya kai gidajen da hukumar jirgin ƙasa ta gina wa maƙera da kafintoci da sauran masu aikin hannu a zamanin Turawa, waɗanda daga gare su ne unguwar da kasuwarta suka sami sunan Artisan, ba ya bukatar a gaya masa cewa ya iso wurin mutanen Arewa, domin kukan awaki da cinikin da ake bugawa da Hausa za su riga kowa ba shi labari. Masu gari kuwa, wato Ibo, ba su wahalar da kansu wajen rarrabe baƙin nan ba. Bakano da Basakkwace da Babarbare, da Angas da Tarok da Bajju da mutumin Zuru, duka sunansu ɗaya ne a bakinsu, Awusa, kuma haka abin yake a Anaca da Fatakwal. To, a cikin waɗannan da aka yi wa kuɗin goro akwai wata jama'a, ba ta kai 'yan'uwanta Musulmi yawa ba, wadda ranar ibadarta Lahadi ce, littafinta kuma Littafi Mai Tsarki.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki game da su shi ne, ga su a ƙasar da kusan kowace kwana akwai majami'a, ƙasar da addinin Kirista ya kafu tun kakanninsu suna kan duwatsu ba su ji ɗuriyarsa ba, amma duk da haka in zuciyar ɗayansu ta dagule, ko jari ya karye, ko aka aiko daga gida cewa tsohuwa tana kwance, hankalinsa ba ya kwantawa sai ya sami inda ake sujada da Hausa, ko a cikin bariki ne ko a ɗan ɗakin kwano da 'yan'uwa suka kama haya. Almajirin da ya yi zaman zaure, in ya tsaya bakin taga ya kasa kunne, zai yi tsaki ko ya yi murmushi, gwargwadon halinsa, gama kalmomin da ke fitowa duk ya san su tun yana riƙe da allo: Allah, addu'a, azumi, zunubi, tuba, gafara, Attaura da Zabura da Linjila, annabawa da mala'iku. Mabiyan Yesu goma sha biyu almajirai ake ce musu, abin da mutum ke fitarwa daga samunsa zakka, abin da kowa ya zo nema kuwa, wanda da shi ake buɗe taro da shi ake rufewa, salama. Yadda kalmomin malaman zaure suka shiga majami'a, har suka gangaro Kudu suka iso bakin wannan kasuwa, labari ne mai tsawo, mafarinsa kuma yana kan kogin nan da ya bi ta gaban Anaca.

A shekarar 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara don ƙulla alkawari da sarakuna a kan hana cinikin bayi, a cikinsu akwai wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Schön, da wani Bayerabe da aka 'yanta daga bauta, Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya hallaka Turawa da dama, tafiyar ta watse, amma Schön ya koma da yaƙinin cewa Hausa ce mabuɗin ƙasar Sudan, ya kuwa ɗaura ɗamarar koyonta daga bakin 'yantattun bayi na Saliyo. Babbar sa'arsa ita ce Dorugu, yaron ƙasar Damagaram wanda matafiyin nan Barth, da Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya tafi da shi Ingila a 1855. Yaron ya zauna gidan Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, dattijon yana rubutawa. A 1857, shekarar da Crowther ya kafa mishan a Anaca, aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, nahawu ya biyo baya a 1862, ƙamus a 1876. Likita Baikie ma, yana zaune a Lakwaja, ya fassara Zabura. Hausar da ke cikin waɗannan littattafai, in za a faɗi gaskiya, Hausa ce mai gargada, ta mutumin da bai taɓa ganin ganuwar Kano ba, malaminsa kuma yaro ne da aka raba da gida tun bai mallaki hankalinsa ba. Sai dai sun yanke wani hukunci da ya ɗore har yau, wato da suka nemi sunan Mahalicci ba su ƙago sabo ba, suka ɗauki wanda suka tarar a bakin mutane.

Wanda ya gyara gargadar shi ne Likita Mila, wato Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin alhazai da fatake. A 1900 ya shigo Kano cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari, suka koma Girku suka yi zaman jira, sai a 1905 Mila ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba, har 1913, lokacin da wasu baƙi suka yi masa sallama da wani labari da bai taɓa tsammani ba.

Bisa ruwayar da zuriyarsu ke bayarwa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, masanin tafsiri, wanda yawan nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu ya kai shi ga ba shi wani matsayi da sauran malamai suka ga ya wuce haddi. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarun 1860. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa ko Bani Isra'ila, suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan gabashin Zazzau, suna riƙe da wasiyyar cewa wata rana masu littafin Isa za su zo su cika musu abin da malaminsu bai kai ga sani ba. Mai karatu ya dubi wannan hali da kyau. Mutanen nan ba Bature ne ya yi musu wa'azi ba, ba magani ko makaranta ce ta jawo su ba, shekara kusan hamsin suka yi suna neman shiriya a cikin duhun tsoro, da abin da suka gada na karatun allo kaɗai, kuma ko mutum ya ɗauki abin da suka yi ɓata ne ko ya ɗauke shi gaskiya, ba ya iya musun cewa nema ne na haƙiƙa. Da suka haɗu da Mila aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da majami'a da makaranta, suna ganin wahala ta ƙare, ashe ƙudan tsando na jiransu a bakin rafi. Ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi musu mummunar ɓarna, cikin 'yan shekaru aka tashi, aka kwashe marayu zuwa Zariya, daga bisani a 1929 mishan ɗin gaba ɗaya ya koma Wusasa, bayan ganuwa. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka sami Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma a nan Yakubu Gowon ya tashi.

Da irin waɗannan mutane, masu Hausar nono da sanin kalmomin malanta, Mila ya zauna shekara da shekaru, tare da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke a 1932. Cikin abin da suka ƙi ara akwai sunan Isa, suka rubuta Yesu, ko da yake fassarar 1979 ta ɗauki laƙabin Almasihu. Ikon Allah kuwa, littafin da aka yi wa mutanen birane, mutanen birane ba su karɓe shi ba. Masu duwatsun Jos da kudancin Zazzau da Bauci da Adamawa, waɗanda kowane kwari da harshensa, su ne suka rungume shi, tare da Maguzawan Kano da Katsina, saboda 'yan mishan na SIM da SUM sun ga ba su iya fassara littafi cikin harsuna ɗari, sai suka mai da Hausa harshen majami'a da makarantar masu bishara. Shi ya sa har yau sunayen manyan ƙungiyoyinsu na Hausa ne, kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, matansu kuma 'yan Zumuntar Mata ne, masu waƙa da tulu da caki.

Saukowarsu Kudu kuwa aikin kwal ne da dogo da kakin soja. An gano kwal a tudun Udi a 1909, aka gina tashar jiragen ruwa ta Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916, sannan aka ja shi arewa ta Makurɗi da Kafanchan. Gadar Binuwai ta Makurɗi an buɗe ta a 1932, shekara ɗaya da fitar Littafi Mai Tsarki na Hausa, na kuwa sha tunanin cewa da wuya jiragen farko da suka haye ta ba su ɗauko kofe ko ɗaya a cikin adakar wani kurtu ba. Shanu da goro da manja suka riƙa kai da kawowa, Hausawa suka yi ƙarfi a Inugu har wani Bafillace ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin na farko a shekarun 1950. A bayan fatake kuma sai ga soja da ɗan sanda da leburan reluwe da mai gadi, da yawansu 'ya'yan majami'un Hausa, waɗanda a bariki ma da Hausa aka horar da iyayensu.

Yadda suke neman shiriya ya cancanci a tsaya a kansa. Musulmi in al'amari ya shige masa duhu, aure ne ko tafiya ko sauya sana'a, yakan yi istihara. Kiristan Arewa ba shi da wannan kalma, abin da yake cewa shi ne yana neman nufin Allah, hanyarsa kuma ita ce ya keɓe kwana ɗaya ko uku na azumi da addu'a, ya tashi da asuba ya karanta abin da ya sawwaƙa, sannan ya kai maganar gaban fasto ko dattawan ikilisiya su taya shi roƙo. Alamar da yake jira ba lalle mafarki ba ne. Zai ce maka ya sami salama a kan abin, ko kuwa bai samu ba, in bai samu ba kuwa ko an ɗaura kaya a mota yakan sauke. Zabura ta 23, wadda ta kwatanta Ubangiji da makiyayi, kusan kowa ya haddace ta, kuma ina ganin ba inda ma'anarta ke fitowa sarai kamar a bakin turken dabbobi, wurin mutumin da ya kwana uku a bayan babbar mota yana tashin saniyar da ta faɗi don kada 'yan'uwanta su tattake ta.

An gwada wannan salama a 1966. Bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa, gwamnan soja na Gabas, Odumegwu Ojukwu, ya ce wa waɗanda ba 'yan yankin ba su tashi, don ba ya iya lamunce musu tsaro. Ranar nan ba wanda ya tambayi ɗan Arewa wace alƙibla yake fuskanta. Mai tasbaha da mai Littafi Mai Tsarki hanya ɗaya suka kama, suka bar rumfuna da bashi da kaburburan 'ya'yansu. Aka shelanta ɓallewar Gabas da sunan Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, sojojin tarayya suka shiga Inugu a watan Oktoba na wannan shekara, shugaban da ya aiko su kuwa, Yakubu Gowon, ɗan mai bisharan Wusasa ne, wanda da Hausa ya koyi addu'a, yana yaƙi da mutanen da suka riga iyayensa karɓar baftisma. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970, fatake suka fara komowa kaɗan-kaɗan, Kiristocinsu na biye da su kamar dā.

Har yanzu nakan ji masu ƙorafi ta fuska biyu. Akwai Musulmin da ke ganin an yi musu satar kalmomi don a ruɗi jahilai, akwai kuma samarin majami'a da ke cewa Hausa harshen waɗanda suka kama kakanninsu bayi ne, gara a koma Turanci ko harshen gida. Kowannensu yana da abin kamawa a tarihi, ba na raina shi. Amma kalmar da mutum ya ji a bakin uwarsa tana yi masa addu'a yana zazzaɓi, wadda ita ma a bakin tata uwar ta ji ta, ta wuce a kira ta aro. Wanda ke shakka, in Allah ya kai shi Inugu ko Anaca ko Fatakwal, ya tambayi masu awaki inda 'yan'uwansu Kirista ke taruwa ran Lahadi. Sun sani, za su kuma nuna masa hanya.