Karatun Injiniyancin Zayyana a Jami'a: Abin da Ɗalibai da Iyaye Ya Kamata Su Sani

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akan sami ɗalibin da zai ce wa iyayensa yana son ya zama injiniya mai zayyana, wato mai tsara yadda inji ko gada ko madatsar ruwa za ta kasance tun kafin a sayi ƙarfe ko a haƙa ƙasa. Sai a buɗe jerin kwasa-kwasan jami'o'in Kano da Zariya, a duba sama da ƙasa, a rasa kwas mai wannan suna. Daga nan wasu kan zaɓi abin da sunansa ya yi kama da shi, sai an yi nisa a gane ba nan aka dosa ba.

Gaskiyar maganar ita ce, a waɗannan jami'o'i zayyana tana cikin kowane reshe na injiniyanci ne, kuma ita ce ƙashin bayansa. Wanda yake son ta, sai ya fara sanin abin da yake son zayyanawa, sannan ya zaɓi reshen da zai kai shi can.

Mene ne injiniyancin zayyana?

Mutane da yawa sun ɗauka zayyana zane ce kawai. Zane shi ne mataki na kusa da ƙarshe. Aikin yana farawa ne daga gano buƙata da kuma iyakokinta: nawa za a kashe, wane kaya ake samu a kasuwa, wa zai yi amfani da abin, wa zai gyara shi idan ya lalace.

Mu ɗauki misalin injin ɓarzar masara da za a yi wa manoman Doguwa ko Tudun Wada. Mai zayyana zai fara tambaya: buhu nawa ake so ya ɓarza a awa ɗaya? Amsar ita ce za ta nuna ƙarfin injin da zai ja shi. Daga nan sai ya lissafa kaurin sandar ƙarfen da ke juyawa a ciki, da girman bel da boris, da saurin juyawar da zai fitar da ƙwaya ba tare da ya farfasa ta ba. Zai ƙara wa kowane sashe rarar ƙarfi fiye da nauyin da ake tsammani, domin manomi yakan cika wa inji kaya. Zai kuma tabbatar cewa ƙarfen da ya rubuta ana samunsa a Ƙofar Ruwa, kuma mai walda na ƙauye zai iya gyara shi. Bayan haka ne zai zana, a ƙera samfuri, a gwada, a gano kuskure, a koma kan takarda. Wannan kai-kawo tsakanin lissafi da gwaji shi ne ainihin sana'ar.

Darasi daga Tiga da Bagauda

Mutumin kudancin Kano ba ya buƙatar zuwa nesa kafin ya ga amfanin zayyana da kuma nauyin da ke kanta. Madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, bango ne na ƙasa da aka daddaɓe, mai tsawon kimanin kilomita 6 da tsayin mita 48 a inda ya fi tsayi. An tsara ta ne ta riƙe ruwan Kogin Kano da ya kusa kubik mita biliyan 2.

Domin a gane girman wannan lissafi, kubik mita ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, kuma nauyinsa tan ɗaya. A zurfin mita 40, ruwa yana danna kowane murabba'in mita da nauyin da ya kai tan 40. Wanda ya zayyana bangon dole ne ya san irin ƙasar da za a zuba a tsakiyarsa don ta hana ruwa ratsawa, da irin wadda za a zuba a gefe don ta ba shi nauyi, da faɗin mafitar da rarar ruwa za ta bi a shekarar da damina ta yi ƙarfi.

Daga Tiga ruwa yana gangarawa ta babbar magudana zuwa gonakin Kadawa da sauran filayen noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Gangarar ƙasa ce ke tafiyar da shi, ba injin famfo ba. Wannan shawara ce ta masu zayyana, kuma ita ce ta sa shinkafa da tumatir da alkamar wannan yanki ba su dogara da man fetur wajen kawo ruwa daga madatsa ba.

A gefe guda kuma, a watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Madatsar ƙasa ta hanyoyi biyu ta fi karyewa: ko ruwa ya haura kan bangon ya zaizaye shi, ko ya riƙa ratsawa ta ciki a hankali har ya buɗe kafa. Dukkan biyun abubuwa ne da ake koya wa ɗalibi ya lissafa, ya kuma tsara yadda za a riƙa sa musu ido bayan an gama gini. 'Yan shekaru bayan wannan masifa, an rage tsayin mafitar ruwan Tiga don a sauƙaƙa wa bangonta nauyi.

Akwai darasi na uku. Tare ruwa a Tiga ya sauya yadda ambaliyar damina ke isa fadamun Haɗejiya da Nguru, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta takura manoma da masunta. Saboda irin wannan ne manhajar yau take tilasta wa ɗalibi ya auna tasirin aikinsa a kan muhalli da mutanen da ke nesa da wurin aikin.

A ina ake karantawa?

A wasu ƙasashe zayyana digiri ce mai zaman kanta. Kwalejin Imperial da ke Landan tana da makaranta sukutum ta injiniyancin zayyana mai ɗauke da sunan Dyson, haka ma Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan ta daɗe da tsangaya irin wannan. A Najeriya kuwa hanyar ita ce ta rassan injiniyanci da aka saba da su.

Mai son zayyana injuna da kayan masana'antu sai ya nemi injiniyancin makanikal. Mai son gadoji da hanyoyi da madatsun ruwa sai ya nemi injiniyancin gine-gine, wanda aka fi sani da sibil, ko na albarkatun ruwa. Mai son injunan noma da tsarin ban-ruwa yana da injiniyancin noma. Akwai kuma na lantarki, da na mekatironik wanda ya haɗa inji da lantarki da kwamfuta.

Jami'o'i uku suna cikin waɗanda suka fi kusa da ɗalibin Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa. Akwai Jami'ar Bayero da ke Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, mallakar gwamnatin jiha, wadda ta fara aiki a 2001. Sai Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, kuma tsangayarta ta injiniyanci tana cikin mafiya daɗewa a ƙasar nan.

A nan akwai wurin da ake yawan ruɗewa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zayyanar kayan masana'antu, inda ake koyar da fasahar yadi da tangaran da zanen talla. Karatu ne mai daraja, amma yana ƙarƙashin tsangayar tsara muhalli ne, kuma ba ya kai mutum ga rajistar injiniya. Haka nan zanen gidaje, wato aikin akitek, sana'a ce daban mai hukumarta daban.

Sharuɗɗan shiga

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, waɗanda suka haɗa da Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. A jarrabawar JAMB ma waɗannan huɗun ake rubutawa, sannan jami'a ta yi tata tantancewar. Makin da ake yankewa yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, amma injiniyanci yana cikin kwasa-kwasan da ake rububinsu, don haka samun mafi ƙarancin makin jami'a ba ya nufin an samu gurbi.

Akwai hanya ta biyu, ta shiga aji biyu kai tsaye, ga wanda ya yi IJMB ko ya samu difloma ta ƙasa mai kyakkyawan sakamako daga kwalejin fasaha irin ta jihar Kano. Wannan hanya ta dace da waɗanda suka fito daga kwalejojin koyon sana'a, kamar Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Bagauda, domin sun riga sun saba da zanen fasaha da aikin hannu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shirin yana farawa ne daga aji ɗaya na babbar sakandare. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma injiniyoyi da likitoci masu yawa sun fito daga cikinsu. Yaron da ya samu damar ɗaukar Ƙarin Lissafi da Zanen Fasaha a sakandare zai ji sauƙin shekarunsa biyu na farko a jami'a.

Yadda shekaru biyar suke

Digirin injiniyanci shekara biyar ne. Shekarar farko ta kimiyya ce zalla: lissafi da fiziks da kemistiri. A ta biyu ɗalibai na dukkan rassa sukan haɗu a darussan bai-ɗaya, kamar zanen injiniya, da sanin halayen ƙarfe da siminti da katako, da yadda nauyi ke aiki a kan abu, da yadda ruwa da zafi ke tafiya, tare da aikin hannu a ɗakin ƙira.

A shekara ta uku da ta huɗu ne zayyana ta ainihi take shigowa. Ɗalibin makanikal yana koyon lissafin giya da sanduna da walda, na sibil yana koyon lissafin ginshiƙai da harsashin gini da magudanai. A nan ake shiga manhajojin kwamfuta irin su AutoCAD da SolidWorks da MATLAB. Rabin shekara ta huɗu kuma ana yin sa ne a wajen aji, a masana'anta ko ma'aikata, ƙarƙashin shirin SIWES da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, yake kula da shi. Shekara ta biyar ita ce ta aikin kammalawa, inda ɗalibi zai zayyana wani abu, sau da yawa ya ƙera shi, ya kuma kare lissafinsa a gaban malamai.

Ban da kuɗin rajista, iyaye su sa a lissafi cewa za a buƙaci kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfin ɗaukar manhajojin zane, da kuɗin zama a wurin SIWES, da kuɗin kayan aikin kammalawa. Tun daga 2024 akwai rancen karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Bayan digiri

Takardar digiri ba ta ba mutum ikon sa hannu a kan zanen gada ko madatsa. Wannan iko yana zuwa ne da rajistar COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya. Akan nemi rajistar bayan aƙalla shekara huɗu ana aiki a ƙarƙashin ƙwararru, kuma mai rajista ne doka ta yarda ya kira kansa injiniya. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a tabbatar cewa kwas ɗin da za a shiga yana da amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i, wato NUC, da kuma ta COREN. Amincewar ta kowane kwas ce daban, ba ta jami'a gaba ɗaya ba. A 2023 COREN ta samu shiga Yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi, matakin da ke share hanyar karɓar digirin Najeriya a ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar.

Wuraren aiki sun haɗa da ma'aikatun ayyuka da na ruwa, da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are wadda ke kula da Tiga, da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da kamfanonin casar shinkafa, da cibiyoyin hukumar NASENI, ciki har da ta ƙera kayan aikin ruwa da ke Kano. Wasu kuma sukan buɗe nasu wurin ƙira, su haɗa lissafin jami'a da hannun maƙera.

Kafin a yanke shawara

Alamar farko da ya kamata uba ya duba ita ce lissafi. Yaron da ke gudun lissafi zai sha wuya, komai kyawun zanensa. Ta biyu ita ce haƙuri da gyara, domin samfurin farko ba ya cika yin aiki. Ta uku ita ce riƙon amana. Ranar da ɗan kwangila zai nemi a rage rodi ko a ƙanƙance magudana don riba ta ƙaru, sa hannun injiniya ne kaɗai ke tsakanin wannan buƙata da mutanen da ke kwana a ƙasan madatsa.

Madatsar Tiga ta haura shekara 50. Magudanunta suna buƙatar gyara lokaci zuwa lokaci, manoman Kadawa suna buƙatar hanyar adana tumatir, na Tudun Wada suna buƙatar injunan da aljihunsu zai iya. Ɗalibin da ya tashi yana ganin waɗannan matsaloli da idonsa ya riga ya samu rabin abin da zai zayyana. Saura ya zaɓi reshen da ya dace, ya tabbatar da amincewar kwas ɗin, ya kuma riƙe lissafi da muhimmanci tun daga sakandare.