Kanikancin Kakuri Daga Kunne Zuwa Na'ura

Tun 1975 da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kanikawan kudancin garin Kaduna suka ƙware a kan 504, motar da ake gane ciwonta da kunne. Motocin tokunbo na Amurka, inda tsarin OBD-II na gano matsalar mota da na'ura ya zama dole a 1996, sun sauya sana'ar: ko tururin fetur ya sulale, fitilar inji sai ta kama. Masu cewa na'ura ta kashe gwaninta ba su yi adalci ba. Lambar P0455 da na'urar ke fitarwa yoyon tururin kawai take nunawa, ba ta faɗin wurinsa. Bakanike ne zai duba robar murfin tanki, ya bi tiyon da zafi ya tsattsage, ya hura hayaki a layin har ya ga inda yake fita.