Toyota Camry 2007 zuwa 2011: Matsalolin da mai saye ke gada

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata a Najeriya. Iyalai da dama sun karkata ga motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Cikinsu akwai Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda dillalai ke kira "Muscle". Tana da suna wajen juriya, amma tana ɗauke da wasu lahani tun daga masana'anta, kuma wanda ya saye ta a yau shi zai biya kuɗin gyaransu.

Shan baƙin mai

Babban rauninta yana cikin inji mai silinda huɗu, lita 2.4, mai lamba 2AZ-FE, wanda aka sa wa ƙirar 2007 zuwa 2009. Ringin fistin nasa kan toshe da datti, sai baƙin mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Alamominsa su ne raguwar mai kafin lokacin juye, da shuɗin hayaƙi daga salansa, da fulogi mai baƙin danƙo. Idan aka yi sakaci, mai kan ƙare, injin ya buga.

A 2011 Toyota ta sanar da dilolinta na Amurka wannan matsala, ta ɗauki injin da ke shan kusan lita ɗaya a tafiyar mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900, a matsayin mai buƙatar sabon fistin da ringi. Daga baya ta tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Wannan wa'adi ya riga ya wuce. Daga ƙirar 2010 aka koma inji mai lita 2.5, wato 2AR-FE, wanda bai shahara da wannan ciwo ba.

Inji mai silinda shida

Injin V6 mai lita 3.5, wato 2GR-FE, ya fi ƙarfi, amma a na farko-farko akwai bututun mai da ke da sashen roba. Idan robar ta fashe, mai kan tsiyaye cikin ɗan lokaci. Maganinsa shi ne bututun da yake ƙarfe zalla. Giyarsa mai hawa shida, musamman ta 2007, takan yi jinkirin kamawa yayin sauyi.

Sauran wuraren rauni

Famfon ruwan inji kan yi yoyo, kuma zafin da ke biyo baya yana ƙona gasket. Dashbod kan narke ya yi danƙo a rana mai tsanani. Haka kuma motar tana cikin waɗanda Toyota ta yi wa kiranye a 2009 da 2010 saboda maƙalewar totur.

Wasu al'adun gareji suna ƙara dagula lamarin: cire tamostat da sunan rage zafi, da zuba mai kauri irin 20W-50 a injin da aka tsara wa 5W-20, da sa wa giya man da ba Toyota WS ba.

Kafin a biya kuɗi

Ya kamata mai saye ya tafi da bakaniken da ba na dillali ba, a tayar da injin yana da sanyi, a dubi hayaƙi da fulogi da ƙarƙashin mota. Lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 tana nuna tarihin haɗari da kiranye na motocin da suka fito daga Amurka. Binciken rabin yini ya fi arha nesa ba kusa ba a kan sauke inji.